Sai-na-gani da Shafi na Goma Sha Biyu

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, mai shara bai gama da baranda ba. Sai tara ake buɗe wa jama'a ofishin rajistar kamfanoni, amma ita ba ta son shigowa tare da hayaniya. Takan rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta buɗe durowar ƙarfe, ta jera kayan aikinta a kan tebur: hatimi, kushin tawada, wata tsohuwar rula ta katako da lambobinta suka goge, abin huda takarda, ƙullin koren zare, da biro biyu, shuɗi da ja. Daga nan ta gwada hatimin a kan wata yasasshiyar takarda, ta ɗaga ta duba a hasken taga. In harafi ɗaya ya toshe da tawada, tsinke take sawa ta sakace shi kamar haƙori. Sai ta gama wannan duka take shan shayinta, a tsaye.

Wanda bai taɓa bin layin nan ba, bari in faɗa masa aikin. Duk kamfanin da aka yi wa rajista yana da fayil a wannan ofis, a ciki ake rubuta waɗanda suka mallake shi, da wanda ya shiga, da wanda ya fita. In rigima ta kai kotu, ba fayil ake ɗauka a kai ba, kwafi ake bayarwa. Shi kuwa kwafi takarda ce kawai, sai wani ma'aikaci ya buga masa hatimi ya sa hannu cewa daidai yake da asali. Da an yi haka, alƙali zai karɓe shi tamkar ya ga fayil ɗin da idonsa. Shekara talatin da ɗaya matar nan ta yi a ofishin, ashirin da biyu daga ciki tana taga ta huɗu da wannan hatimi a hannunta.

Mu lauyoyi muka raɗa mata Sai-na-gani, kuma ba don ƙauna muka raɗa ba. Ka zo a guje, gumi na keto maka, ka ce, “Mama, ƙarfe goma ake kiran shari'ata,” ta dube ka ta saman tabarau ta ce, “To, sai na gani.” Wato sai an ɗauko mata takardar asali daga sito. Ta shimfiɗa asali a hagu, kwafi a dama, ta ɗora rula tana saukowa layi-layi, leɓenta na motsi. In ta gama gaba ta juya baya, ko da bayan fari ne fat. Sannan ta huda kusurwa, ta zura zare ta ɗaure, ta rubuta a ƙasan kowane shafi “na uku cikin tara”, “na huɗu cikin tara”, don kada wani ya zare ɗaya a hanya. Hatimi shi ne na ƙarshe. Mu kuwa muna tsaye muna canza ƙafa, muna tsaki ciki-ciki.

Juma'ar da ta gabata ta yi ritaya. Ofis bai yi mata taro ba, ko ruwan sanyi ba a raba ba. A wurin ajiye motoci na kotu na ji wani abokin aikina yana cewa, “Alhamdu lillahi, an huta da jaraba.” Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na san zai ɓata wa wasu rai a saman benen wannan ofis, na kuma san zai tona min asiri ni kaina. Ya ɓata, ya tona. Ba lallashi na zo yi ba.

Tsohon masinjan ofis, wanda ya riga ta kama aiki, shi ya ba ni labarin ɗan kwangilar da ya “manta” da leda a ƙarƙashin tagarta, da turmin leshi biyu a ciki. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ɗaga murya ba. Littafin kayan tsintuwa ta ɗauko ta rubuta: leda ɗaya, leshi biyu, mai shi ya zo da shaida. Ta manna sanarwa a allon bakin ƙofa. Wata uku sanarwar na nan, mutumin na wucewa ta gabanta duk mako kansa a sunkuye, ya kasa cewa nasa ne.

Mai buga takardu ta taga ta biyu kuma ta ga ranar da wani attajiri ya gano tun farko an rubuta sunan kamfaninsa da kuskuren harafi ɗaya. Ya ce wa Sai-na-gani ta gyara a kwafin kawai, ai kowa ya san abin da ake nufi. Ta ce, “Alhaji, kuskuren nan ba nawa ba ne, na asali ne. Yadda na same shi haka zan ba ka shi. In gyara kake so, taga ta ɗaya, akwai fom.” Ya yi ta kumfar baki yana lissafo manyan da ya sani. Ko gezau. Amma bayan ya huce ita ce dai ta cike masa fom ɗin da hannunta, don ta lura idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu.

'Yarta ta fari, malamar asibiti ce, ta ce min abin har gida. Katin ɗaurin aure in aka kawo sai Mama ta juya bayansa, takardar sakamakon jarrabawar jikoki sai ta juya. Mijin Mama, tsohon direba ne mai barkwanci, yakan ce shi kaɗai ta taɓa karɓa ba ta nemi asali ba, kuma har yau yana zargin tana nadama.

Mama, ke ce ba ki taɓa buga hatimi a kan abin da idonki bai gani ba. Ke ce muka zaga a bayan ido shekara da shekaru, muka kuma riƙa addu'ar takardarmu ta faɗo tagarki duk ranar da gaskiya ke hannunmu, don mun san abin da ya fito daga hannunki ba lauyan da zai iya huda shi. Ina cikin masu zagin. Nawa laifin ma ya fi na kowa, don ni na zo da maganar gidan ɗinki.

Wata goma sha huɗu kafin ta yi ritaya, wasu 'yan uwa maza uku suka ɗauke ni lauya. Suna da kamfanin ɗinkin kayan makaranta da na asibiti, da dogon gini a bakin titi inda mata goma sha tara ke zaune a kan keke. Wani ya taya ginin, zai rushe ya yi shaguna, su ukun sun amince. Wadda ta ƙi ita ce babbar yayarsu, wadda kowa a gidan ɗinkin ke kira Yaya. Ita ke yanka, ita ke raba aiki, ita ke buɗe ƙofa da safe shekara ashirin da shida. Ta kai ƙara ta ce ba za a sayar ba sai da yardarta, don ita ma mai kamfani ce. Babban cikin mazan, wanda suke ce wa Manaja, ya zauna a ofishina ya harɗe ƙafa ya ce, “Lauya, Yaya ma'aikaciya ce kawai. Zumunci ya sa muka bar ta tana juya wurin. Je ka duba rajista.” Na duba a kwamfuta, sunaye uku na gani. Magana ta tsaya a wuri ɗaya ke nan: in sunanta na cikin rajista, ba a sayar da gini sai ta sa hannu, in babu, ranar da aka yanke hukunci za a karɓe makulli daga hannunta.

Na nemi kwafi mai hatimi, shafi goma sha ɗaya kamar yadda kwamfuta ta nuna. Shekara shida ke nan da ofishin ya zuba tsofaffin fayil a kwamfuta, sauran tagogi tuni suka daina aikawa sito: a fitar daga kwamfuta, a buga hatimi, a sallame ka. Ni dai takardata taga ta huɗu ta faɗa. Kwana uku ana neman fayil ɗin, kwana uku ina zuwa ina ɓaɓatu. Ranar Laraba aka kawo shi, ya yi ja don tsufa, ƙarfen da ya haɗa takardun ya yi tsatsa. Ta fara saukar da rula. Da ta gama shafi na biyu, inda ake jera masu kamfani, ta juya baya kamar kullum, sai hannunta ya tsaya.

Fom ɗin wancan zamani layi uku gare shi. An cike ukun da sunayen maza, wuri ya ƙare. Sai ma'aikacin da ya karɓi takardar ya ja layi a baya da biro, ya rubuta lamba huɗu. Ga sunan Yaya, ga sa hannunta, ga hatimin karɓa na ofis da kwanan wata a gefe. Waɗanda aka ba kwangilar zuba fayil a kwamfuta kuwa, tara takardu suka riƙa yi suna cusa wa na'ura, ita kuma fuska ɗaya take ɗauka. Ba wanda ya goge sunan matar nan. Juya takarda ne ba a yi ba.

Ta juyo da shi ta taga don in gani. Na kuwa gani sarai.

“Lauya, shafinka goma sha biyu ne, ba sha ɗaya ba. Bari in ɗauki bayan nan in haɗa maka.”

“Mama, sha ɗaya na nema. Abin da ke kwamfuta za ki ba ni.”

“Karanta min abin da ke jikin hatimin nan.”

“Na san abin da ke jiki.”

“Karanta dai, ɗana, ai ku ne masu ilimi.”

Ta karanta da kanta, a hankali, yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya: “Wannan kwafi daidai yake da asali.” Ta ajiye hatimin. “Bai ce daidai yake da kwamfuta ba.”

“Ki mayar da takardar yadda take, Mama. Ba ruwanki da bayanta.”

“Sha biyu zan bayar. In ba ka so, Allah ya kiyaye hanya.”

Na fita baranda na kira Manaja a waya. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Ai tsohon zance ne wannan, don kada ranta ya ɓaci aka rubuta.” Wato tun farko ya sani. Abin da ya kamace ni a nan shi ne in ajiye masa shari'arsa, amma sai na hau bene wurin shugaban sashe. Ba zan yi wa wannan kwalliya ba: so na yi in ci shari'a, na kuma gaya wa kaina cewa abin da ofis ya ba ni shi zan kai, laifi ba nawa ba ne.

Shugaban ya sauko da kansa, abin da ba ya yi, ga layi cike da jama'a. Ya ce, “Hajiya, akwai takardar umarni. Abin da ke kwamfuta shi ne rajista yanzu. Ki sallami lauya.” Ta miƙe tsaye don girmamawa, ta danna hatimin a kushin tawada, ta miƙa masa da hannu biyu tare da shuɗin biro. “Ranka ya daɗe, ga shi. Kai ma doka ta ba ka ikon sa hannu. Ka buga, ka rubuta sunanka a ƙasa.” Ya dubi hatimin, ya dubi layi, ya mayar da hannayensa aljihu. Wata mata a layi ta fashe da dariya ta toshe baki da mayafi. Ya juya ya hau bene.

Kafin a tashi aiki takardar tuhuma ta sauko: rashin biyayya da ɓata wa jama'a lokaci. Washegari aka karɓe hatimin, aka mayar da ita sito, wani dogon ɗaki a bayan gini mai taga ɗaya, inda ake tura wanda ake so ya gaji ya ajiye aiki don kansa. Mace mai ciwon gwiwa, aka haɗa ta da tsani da ƙurar takarda. Ni kuwa ma'aikacin taga ta uku ya buga min sha ɗayana cikin minti biyar. Bai tambayi komai ba, ba a kuma gaya masa komai ba. Na kai kotu.

A zaman farko Yaya ta yi ta nanatawa, “Na sa hannu, wallahi. A baya aka ce in sa.” Har lauyarta, wata mace mai sanyin magana da muka raina, ta ɗauka shekarun baya take nufi. Ban da ƙannenta, ni kaɗai a ɗakin na san bayan da take nufi. Na kuwa miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, ai kowa yana da abin da ya yi a baya.” Aka yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai abinci ya fita raina.

Abin da ban sani ba, kafin Mama ta bar tagarta ta yi abin da ƙa'ida ta ce. Akwai babban littafi a kan kanta, duk mai karɓar kwafi yana sa hannu a ciki, ni ma na sa a gurguje ban karanta komai ba. A gaban lambar fayil ɗinmu ta rubuta da jan biro: “Ban tabbatar ba. Asali shafi 12, kwafi 11.” Ta sa hannu, ta sa kwanan wata. Ba ta kira kowa ba, ba ta aika wa Yaya ba, ba ta ma san ta ba. Lauyar Yaya ta zo neman nata kwafin don ta gani da idonta, ita ma sha ɗaya aka ba ta. Ta buɗe littafin tana neman inda za ta sa hannu, idonta ya faɗa kan jan rubutu. Mako bai zagayo ba ta roƙi kotu a kawo asali.

Masinja ya ce sau uku ana aiko shi daga bene ya ɗauko fayil ɗin “a duba wani abu”. Sau uku tana buɗe littafin fitar da fayil tana cewa, “Wanda ya aiko ka ya sauko ya sa hannu.” Ba wanda ya sauko. Su suka kai ta sito don su hore ta, sun manta mai sito ke riƙe da makullin asali, kuma mai sito kotu ke kira ta kawo shi.

Ta shigo kotu rungume da fayil ɗin cikin leda, tana jan ƙafa. Alƙali ya karɓa, ya juya shafi na biyu, ya daɗe yana kallo. Da ina da hankali da na ci gaba da zama. Sai na tashi yi mata tambayoyi.

“Kin san ofishinku ya ce abin da ke kwamfuta shi ne rajista?”

“Na sani.”

“To kin fi ofishinku sani ke nan?”

“A'a. Na dai fi kwamfuta hannu. Ita ba ta iya juya takarda ba.”

Alƙali ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau. Na ji haushi, na ƙara matsawa.

“Wa zai tabbatar ba kwanan nan aka yi rubutun nan ba? Fayil ɗin a hannunki yake.”

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. “Hatimin karɓa da ke gefe mai zagaye ne, shekara ashirin ke nan da daina amfani da shi. Rubutun na marigayin da ya koya min aiki ne, akwai irinsa a fayil ɗari. Tsatsar ƙarfe kuma ta hau kan lamba huɗun, a duba. Sannan ranar Larabar da aka fito da shi daga sito, a gabanka na buɗe, Lauya. Ka gani. Har ka ce in mayar da shi yadda yake.”

Ba da gayya ta faɗa ba. Ba ta ƙara kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba, ba ta kuma rage min ba. Alƙali ya ce, “Lauya, haka aka yi?” Na ce haka aka yi. A benci na baya Yaya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, matan gidan ɗinki uku da suka rako ta suna riƙe da ita.

Kotu ta ce masu kamfani huɗu ne, ciniki ya rushe. Makulli yana hannun Yaya har yau. Ni kuwa aka kai sunana gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, na karɓi gargaɗi a rubuce, kuma na cancanci fiye da haka. Wasu abokan aiki sun zo min jaje, wai tsohuwar nan ta ci min mutunci. Ku daina. Ni na zubar da mutuncina, ita shaida kawai ta bayar.

Kada wani ya zaci an mayar mata da hatiminta. Ofis ya gyara fayil ɗaya, na gidan ɗinki, don kotu ta tilasta, ya yi gum da sauran. Ita kuma aka bar ta a sito har ƙarshe, tari ya kama ta bai sake ta ba. Sun zaci zama za ta yi tana jiran ranar tafiya. Sai ta fara daga kantar fayil ta farko, tana sauko da fayil ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowane shafi. Duk inda ta sami rubutu a baya, ta san kwamfuta ba ta da shi, sai ta rubuta lambar fayil ɗin a wani littafin makaranta. Ba wanda ya sa ta. Ranar da ta ajiye aiki, kashi ɗaya cikin uku na siton kawai ta iya bi, lambobin sun kai ɗari huɗu da goma sha biyu.

Sai da na yi wata takwas kafin in iya zuwa gidan ɗinki neman gafarar Yaya. Ta bar ni a tsaye har ta gama yanka rigar da ke gabanta, sannan ta ce, “Na yafe, amma da sharaɗi. Ka kai ni wurin matar nan. A kotu bakina ya ƙi buɗuwa.” Na aika wa Mama, ta ce a'a, muddin tana bakin aiki wanda fayil ɗinsa ke hannunta ba ya ziyartarta. Dole muka jira Juma'ar ƙarshe. Ƙarfe huɗu muka same ta a ƙofar sito, ta riga ta miƙa makullai.

Yaya ta durƙusa har ƙasa. “Baiwar Allah, ban san da bakin da zan gode miki ba. Kin tsaya min a ranar da waɗanda muka fito ciki ɗaya suka juya min baya.”

“Tashi, 'yar uwa, gwiwata ba ta sunkuyo. Kuma bari in gaya miki gaskiya, kada ki tafi da abin da ba haka ba. Ba ke na tsaya wa ba. Da na juya takardar nan na ga fari, da a ranar na buga wa ƙannenki hatimi, ko da kina kuka a gabana.”

Na zaci maganar za ta yi wa Yaya ciwo. Ta miƙe, ta goge ido da gefen mayafi. “Ai shi ya sa na zo, Hajiya. Masu tausayina suna da yawa, ba wanda ya hana a karɓe min makulli. Ni ba tausayi nake nema ba. So nake a ce sunana na nan.”

Suka riƙe hannun juna, suka koma hirar jikoki da ciwon gwiwa kamar ba ni a wurin. Da za mu rabu Mama ta buɗe jaka. Da safe ta kai wa shugaban sashe littafin nata, ya karɓa ya jefa durowa, ya ƙi sa hannun karɓa. Ta miƙo min kwafi. “Lambobi ne kawai, Lauya, kowa na da ikon neman kowane fayil. Kai dai ka san abin da ke faruwa in ba a juya ba. Ba hatimi a kai, ka yi haƙuri, an karɓe min.”

Mama, na gode. Na gode da kwana ukun da kika ɓata min, na gode da kunyar da kika ba ni a gaban alƙali, don ita ta tare ni daga zama irin lauyan da na kama hanyar zama. Ke ce mai hannun da ba ya rawa. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya raba ƙirjinki da tarin nan, ya sa ki ci moriyar hutunki.

Ku kuma da kuka gaji tagogin, ba cewa na yi ku zama waliyyai ba. Hatimin da ke hannunku rantsuwa ce, da sunanku a ƙasa, ku ga abu kafin ku rantse a kansa. In na sama ya matsa muku, ku miƙa masa biro. Mu lauyoyi kuma mu daina tsaki a layi, don minti biyar ɗin da muke yabo shi ya kusa fitar da mace daga wurin da ta gina da almakashinta.

Shugaban sashe, ranka ya daɗe, littafin yana durowarka, na san ka ji ni. A cikin lambobin nan akwai wata Yayar da ba ta san an bar ta a baya ba, ba kuma za ta sani ba sai ranar da aka ce ta kawo makulli. Ba zan jira ka buɗe durowa ba. Litinin ƙarfe tara ina layi da lamba ta farko a hannuna, kuma asali zan nema a ɗauko. In an gama da ita, saura ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Wanda abin ya ɓata wa rai ya san inda zai same ni.